Saita Kayan Kiɗa da Wayar Hannu: Daga Jita zuwa Goge

Na sha ganin matashi ya tara kuɗi ya sayi jita, ya yi ɗoki na wata guda ko biyu, sannan ya jingine ta bayan ƙofa ƙura ta rufe ta. In ka tambaye shi sai ya ce ba shi da baiwa. Ya ɗora yatsunsa daidai inda aka nuna masa a YouTube, ya kaɗa, amma abin da ya fito bai yi kama da abin da ya ji ba. Sau da yawa yatsun ba su da laifi ko kaɗan. Jitar ce ba a saita ba, kuma jitar da ba a saita ba ko gwanin gwanaye ka miƙa wa ba zai fitar da daɗi daga cikinta ba.

A da, mai koyo yana buƙatar wani babba mai kunne ya zauna kusa da shi, ko fiyano da zai ɗauki sauti daga gare ta, ko ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da wani mabushin Ingila, John Shore, ya ƙirƙira a 1711, wanda in ka buga shi a gwiwa yake fitar da sauti guda tak. A 1975 kamfanin Korg na Japan ya fito da 'yar na'urar saiti mai allura da ake riƙewa a hannu. Yau aikin duka ya koma cikin wayar da ke aljihunka. Ga abu guda da zan share tun da wuri: makaɗa da yawa suna kiran igiyoyin jita “waya”, to don kada mu rikice, a nan zan ce tsirkiya, in bar kalmar waya ga wayar hannu.

Abin da wayar take ji

In ka kaɗa tsirkiya, karkarwa take yi, tana kai da komo da sauri. Yawan kai da komon da take yi cikin sakan ɗaya shi ne ke sa sauti ya yi kauri ko ya yi siriri. Ana rubuta wannan adadi da alamar Hz. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana kai da komo sau 82 da ɗan ɗori a sakan, wadda ta fi siranta kuwa kusan sau 330. In ka ƙara ɗaure tsirkiya adadin ya hau, in ka sassauta ya sauka. Manhajar saiti ba ta yin komai illa ta saurara ta makirufon waya, ta ƙirga wannan karkarwa, ta gwada ta da wani tsani da aka zuba mata, ta nuna maka matakalar da ka fi kusa da ita.

Tsanin na Turawa ne, kuma matakalansa goma sha biyu ne: A, A♯, B, C, C♯, D, D♯, E, F, F♯, G, G♯, sannan a sake komawa A. Lura babu matakala tsakanin B da C, babu kuma tsakanin E da F. Duk lokacin da aka kammala zagaye aka dawo harafi guda, adadin karkarwa ya ninka: 110 A ce, 220 A ce, 440 ma A ce, sai dai kowace ta fi ta bayanta siranta. Shi ya sa za ka ga lamba a gefen harafin, A2 ko A3 ko A4. Wannan 'yar lamba tana ceton tsirkiya daga tsinkewa, zan dawo kanta. A4 ɗin nan mai 440 ita ce turken da aka ɗaure sauran. An yi taro a Landan a 1939 aka amince da ita, hukumar ISO kuma ta tabbatar da ita a 1975. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka koyi kiɗa da sunayen Faransanci sun san waɗannan sautuka da Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si. La ita ce A, Do ita ce C, kuma manhajoji da dama suna barin ka ka sauya zuwa waɗannan sunaye.

Tsakanin kowace matakala da ta gaba an raba shi gida 100, kowane gida ana kiransa sent. Allurar da ke fuskar wayar waɗannan gidaje take nunawa. In ta karkata hagu, ko ka ga lamba da alamar ragi, ko wata alama mai kama da ƙaramin b, tsirkiyarka ta yi sako-sako, sautinta yana ƙasa. In ta karkata dama, ko ka ga alamar ♯, ta ɗaure fiye da kima. In ta tsaya tsakiya, galibi fuskar ta koma kore.

Wace manhaja

Suna da yawa, kuma na kyauta sun isa. GuitarTuna, ta kamfanin Yousician na ƙasar Finlan, tana zana maka kan jita da kunnuwanta, don haka ta fi sauƙi ga sabon shiga. Fender Tune da Boss Tuner na kamfanonin kayan kiɗa ne da aka daɗe da sani. Akwai Pano Tuner, akwai gStrings a wayoyin Android. Ni dai shawarata ka sauke biyu: ɗaya mai hoton jita, ɗaya kuma mai tsarin da ake kira kuromatik, wato wadda take nuna duk sautin da ta ji da adadin Hz ɗinsa ba tare da ta ɗauka jita kake riƙe da ita ba. Ta biyun ita ce za ta yi maka aiki ranar da ka zauna gaban mai goge.

Kowace manhaja za ta nemi izinin amfani da makirufo, ka ba ta, in ba haka ba kurma ce. In ta ce ka shigar da lambar katin banki don gwaji na 'yan kwanaki, ka nemi inda ake tsallakewa. Saitin jita na yau da kullum ba ya buƙatar biyan kuɗi. Sannan ka leƙa cikin tsare-tsarenta ka tabbata turken yana kan 440. Yaro na iya taɓa wayar ya mayar da shi 432 ko 445, kai kuma ka yi ta saiti kore shar, amma in ka haɗu da mai fiyano sai a ji kamar kuna faɗa.

Saita jita

Zauna, ka ɗora jitar a cinya yadda za ka kaɗa ta. Kada ka kwantar da ita a tabarma ka saita, domin nauyin wuyanta yana ɗan sauya ɗaurin tsirkiya. Ajiye wayar a gwiwa ko a kan kujera, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ramin jitar. Tsirkiyoyin shida ne, ana ƙirga su daga ƙasa: ta ɗaya ita ce siririyar da ke kusa da cinyarka, ta shida ita ce mai kaurin da ke kusa da ƙirjinka. Daga ta shida zuwa ta ɗaya ga inda kowace za ta zauna: E2, A2, D3, G3, B3, E4. Da adadin Hz kuwa, 82.4, 110, 146.8, 196, 246.9 da 329.6. A bakin mutumin Zinder ko Maraɗi: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi.

Fara da ta shida. Kafin ka murɗa komai, bi tsirkiyar da yatsa har zuwa kunnen da aka naɗe ta a kai. Wannan ya fi komai muhimmanci a ranar farko. Lokacin da nake koyo na taɓa kaɗa tsirkiya ta uku ina murɗa kunnen ta biyu; allura ta ƙi motsi, na ci gaba da murɗawa, har ta biyun ta tsinke ta tsarge ni a bayan hannu. Tun daga ranar, in na murɗa kunne ban ji sautin ya motsa ba, nan take nake tsayawa in duba.

Kaɗa da tsokar babban yatsa, ba da ƙarfi ba, ka kuma ɗora tafin hannu ko sauran yatsu a kan ragowar tsirkiyoyin don su yi shiru. Manhaja sauti ɗaya take iya ƙirgawa a lokaci guda. In biyu suna amo tare sai ta ruɗe. Za ka ga a farkon kaɗawa allurar ta ɗan zabura dama, sannan ta dawo ta natsu. Haka tsirkiya take, bugun farko yana ƙara mata ɗauri na ɗan lokaci. Kada ka bi wannan zabura. Jira kamar sakan ɗaya ka karanta inda ta natsu, in sautin ya fara mutuwa ka sake kaɗawa. Kana kaɗawa kana murɗawa, a hankali, ɗan kaɗan-kaɗan. In ka kusa, murɗin da bai kai kwatan zagaye ba ma yana iya wuce da kai.

Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe da kyau: kullum daga ƙasa ake hawowa. In tsirkiya ta wuce sama, kada ka sassauta ta kai tsaye zuwa kore. Sassauta ta har ta faɗa ƙasa da inda ake so, ka ɗan ja ta da yatsa, sannan ka ɗaure a hankali har ta iso. Dalili shi ne haƙoran da ke cikin kunnen suna da ɗan wasa, tsirkiyar kuma tana maƙalewa a cikin tsagin ɗan farin ƙashin da ke bakin kan jita. In ka sauko daga sama, akwai sako-sakon da ya ɓuya a can, kana fara kiɗa zai fito, saiti ya zube. In kana jin wani “ƙis” lokacin murɗawa, sautin kuma ya yi tsalle, tsagin ne ke riƙe ta. Goga bakin fensir a cikinsa, baƙin yana sa ta zame.

Yanzu batun jitar da ta daɗe a ajiye, ko wadda aka sa wa sababbin tsirkiyoyi. A nan ne manhaja take iya ɓatar da mai koyo, domin harafin da ya fi kusa take nunawa, ba wanda kake nema ba. Ka kaɗa ta shida ka ga C♯ ko D, kada ka tsaya don ta yi kore. Koma ga jerin matakalan nan: daga D sai D♯ sannan E, wato saura hawa biyu. In kuwa ka ga F, ka wuce, sauko. Ka kuma duba lambar gefen harafin. Ta shida E2 ce. In kana neman E3 a kanta, za ta tsinke kafin ka isa, ko ta ja jakin jitar, wato inda tsirkiyoyi suke zaune a jikinta, ya ɗago. Manhajoji masu hoton jita suna da maɓallin da ke kashe gane tsirkiya da kansu, sai ka taɓa wadda kake so, wayar ta fitar maka da sautinta. Ga mai koyo wannan ya fi aminci: ka ji sautin, ka kusanto shi da kunne, sannan allura ta ƙarasa.

Ka gama shida, kada ka tashi. Koma kan ta farko ka sake bi. Kowace tsirkiya da ka ɗaure ta ƙara jan wuyan jitar, waɗanda ka riga ka saita sun ɗan sauka. Zagaye biyu ya isa a ranar yau da kullum. Sababbin tsirkiyoyi kuwa miƙewa suke yi. Ka riƙa jan kowace sama kaɗan da yatsa a tsakiyarta, ka sake saitawa, har ta daina sauka. Na roba sun fi na ƙarfe daɗewa kafin su zauna, suna iya ɗaukar kwanaki.

Sai hayaniya, wadda ita ce babbar matsalar wannan aiki a garuruwanmu. Makirufon waya ba ya zaɓe, duk abin da ke ɗakin yake ɗauka: rediyo, hira, kukan akuya, injin markaɗe na maƙwabta. Janareto ya fi su duka sharri. Ƙananan janareto suna juyi 3000 a minti don su ba da wuta mai 50 Hz, gurnaninsu kuma yana kewayen wannan adadi, wanda yake dab da sautin G mai kauri. Shi ya sa wani lokaci ba ka taɓa komai ba amma wayar tana nuna maka harafi. Fanka ma tana yanka sauti ta sa allura rawa, ka kashe ta na minti biyu. In wurin biki ne, ga lasifika ga jama'a, waya ba za ta yi ba. Ko dai ka shiga wani ɗaki ka saita kafin ka fito, ko ka sayi 'yar na'urar da ake maƙalawa a kan jita, wadda karkarwar itacen take ji ba iskar wurin ba. Duk mai kiɗa a taro ya kamata ya mallaki irinta.

Bayan kore, kunne

In duk sun yi kore, ka gwada aikin da kunnenka, domin ta haka kunnen yake koyo. Ƙarafan da suka gitta wuyan jita sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake. Danne ta shida a gaɓa ta biyar, ka kaɗa ta tare da ta biyar a sake. Sautinsu ɗaya ne. Haka ta biyar da ta huɗu, ta huɗu da ta uku. Tsakanin ta uku da ta biyu a gaɓa ta huɗu ake dannewa, sannan a koma gaɓa ta biyar tsakanin ta biyu da ta ɗaya. In sautuka biyu sun kusa amma ba su haɗu ba, za ka ji wani kaɗawa a tsakaninsu, “wau-wau-wau”. Saurin wannan kaɗawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu: 440 da 442 za su yi shi sau biyu a sakan. Kana matsowa yana raguwa, in sun haɗu ya ɓace. Wanda ya iya jin wannan zai iya saita jita ko caji ya ƙare.

Akwai jitar da tsirkiyoyinta za su yi kore a sake, amma da ka hau sama a wuyanta sai ta yi tsami. Gwada haka: kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gaɓa ta 12. Harafi guda ya kamata ka gani, lambar gefensa ta ƙaru da ɗaya, allura a tsakiya. In na gaɓa ta 12 ya wuce sama, tsirkiyar tana buƙatar ƙarin tsawo, sai a ja mazauninta a kan jaki baya. In ya yi ƙasa, a turo shi gaba. A jitar lantarki kowace tsirkiya tana da nata ƙusa mai murɗi da ake yin wannan da ita. A jitar itace aikin mai gyara ne. Amma kafin ka taɓa komai, sauya tsirkiyoyin in sun yi tsatsa, domin tsohuwar tsirkiya ba ta faɗin gaskiya, ka kuma duba ko kana dannewa da ƙarfi fiye da kima.

Yanayi ma yana da hannu. Hunturu yana busar da itace, damina tana kumbura shi, zafin rana yana miƙar da ƙarfe. Jitar da ka saita a ɗaki da safe, ka goya ta a babur cikin rana, sai ka sake duba ta bayan ta huce. Kada ka bar ta cikin mota a rufe da tsakar rana, ko danƙon da ke riƙe da jakinta yana iya saki.

Jitar bes tana da huɗu: E1, A1, D2, G2. Mai kaurinta 41 Hz ce kawai, makirufon waya da yawa ba sa kama ta sosai. Dabara ita ce ka taɓa tsirkiyar da sauƙi, ba dannewa ba, daidai saman ƙarfe na 12, ka kaɗa, ka ɗaga yatsa. Za ta ba da sauti mai ninki biyu wanda waya take ji tangaram. Gogen Turawa, bayolin, G3, D4, A4, E5 ne. Abin busa kuwa, sarewa ko kakakin 'yan faretin makaranta, sautinsa yana hawa in ya ɗumama, kamar sent uku a kowane digiri ɗaya, don haka a busa shi na 'yan mintoci kafin a auna.

Goge, garaya, gurmi

Nan ne nake so mu yi a hankali. Duk abin da na faɗa a sama ya dace da jita ne saboda an ƙera ta a kan tsanin nan mai matakala goma sha biyu. Ƙarafan wuyanta ma a kan lissafinsa aka jera su. Ko masu jitar Agadas irin su Bombino, ko Mdou Moctar da ya haɗa jitarsa ta farko da igiyar birkin keke, da zarar sun riƙi jitar kamfani suna cikin wannan tsani. Kuntigin Ɗan Maraya Jos da gurmin Haruna Uji da kukumar Hassan Wayam ba a kansa aka gina su ba. Makaɗin gargajiya yana ɗaure tsirkiyarsa ne gwargwadon muryar da za ta yi waƙar, da yadda ya ji a wurin ubangidansa. Yawancin kiɗanmu a kan sautuka biyar yake yawo, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba lallai ta faɗa daidai kan gidajen da waya ta sani ba.

Shi kansa tsanin Turawan sulhu ne aka yi. An raba shi daidai wa daida don fiyano ta iya kiɗa daga kowane harafi, aka sadaukar da ɗan zaƙi. Tazarar G zuwa B, misali, a wajen manhaja sent 400 ce, alhali inda sautukan biyu suke narkewa cikin juna a kunne 386 ne. Shi ya sa wasu masu jita suke jin tsirkiyarsu ta biyu kamar ta ɗan yi sama ko da ta yi kore. Mutumin da ya ƙirƙiro awon sent, Alexander Ellis na Ingila, ya yi shi ne don ya gwada tsanukan kiɗan al'ummomi daban-daban, kuma a bincikensa na 1885 ya nuna cewa tsanin kiɗa ba ɗaya ba ne a duniya. Larabawa suna da sautukan da ke zaune tsakanin matakala biyu, har Yamaha tana ƙera fiyano na musamman, jerin PSR-A, masu maɓallan saukar da sauti dominsu.

Abin da ke damuna shi ne in ga yaro ya kara waya a gogen dattijo, ya ga allura ta karkata, ya ce, “Baba, gogenka bai saitu ba.” Gogen ya saitu, awon ne na wani gida. In aka bi wannan hanya aka tura kowace garaya da kowane molo zuwa kore, a cikin shekaru kaɗan za mu rasa wani ɗanɗano da babu wanda ya rubuta shi a takarda.

Amma wayar tana da aiki babba a nan, aikin ajiye shaida. Ga yadda nake ba da shawara a yi. Ka je wurin makaɗin da ladabi, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake so ka yi, ka nemi izini. Bar shi ya saita abinsa da kansa, ya yi kiɗa har ya gamsu, mawaƙi ya ɗora murya. Sai a lokacin za ka buɗe manhajar kuromatik ka roƙe shi ya kaɗa kowace tsirkiya a sake, ɗaya bayan ɗaya. Rubuta harafi, da lambarsa, da yawan sent na ragi ko ƙari, da Hz. Auna sau uku ka ɗauki na tsakiya. A goge allurar ba za ta tsaya cak ba, domin tsagiya gashi ne da yawa a haɗe, kowane da ɗan ɗaurinsa, ga gogar izga da ƙaro. Roƙe shi ya ja dogon ja mai natsuwa, ka karanta tsakiyar inda allurar take lilo. Sannan ya ɗora yatsunsa ɗaya-ɗaya yadda yake yi a waƙar, ka auna kowane.

Abin da ya fi daraja cikin abin da ka rubuta shi ne tazara, ba harafi ba. A misali, a ce tsirkiya mai kauri ta garaya ta nuna D3 da ragin 20, siririyar ta nuna G3 da ragin 35. Daga D zuwa G matakala biyar ne, sent 500. Cire 35, ƙara 20, ka sami 485. Gobe in wani mawaƙi mai muryar da ta fi siranta ya zo, za a ɗaga tsirkiyoyin biyu, haruffan su canja, amma 485 ɗin nan ita ce za ka nema a tsakaninsu. Da yake a irin waɗannan kayan tsirkiya ɗaure take a jikin sanda da zoben fata ko igiya da ake turawa, ba kunne mai haƙora ba, kada ka sa rai za ka same ta daidai har sent ɗaya. In ka shigo cikin biyar ko goma, ka bar wa kunne sauran.

A situdiyo, in za a haɗa goge da fiyano, fiyanon ya kamata ta matsa. Kusan kowace fiyanon lantarki tana da wurin sauya turken 440, kuma a kewayen nan Hz ɗaya kusan sent huɗu ne. In gogen yana zaune sent 30 ƙasa da G, ka sauke fiyanon zuwa 432 ko 433, ka sa wannan adadi a manhajar ma don mai jita da mai bes su bi. Ka kuma tambayi mai fiyano ko ya taɓa maɓallin tiransifos, domin da yawa suna kiɗa da yatsu a wuri guda suna ɗaga sautin da maɓalli, sai ya ce maka C yake bugawa alhali waya tana jin E♭. Kuma ina roƙon masu haɗa sauti kada su ɗora Auto-Tune a kan goge ko kukuma. Aikinsa shi ne jan kowane sauti zuwa matakala mafi kusa, zamiyar da yatsa ke yi tsakanin sautuka kuwa ita ce maganar gogen.

Kalangu ba ruwansa da wannan manhaja. Sautinsa hawa da sauka yake yi a ƙarƙashin hammata yana bin karin magana, fata kuma ba ta ba da sauti guda tsayayye irin na tsirkiya, don haka allura sai dai ta yi ta tsalle. Haka taushi da kotso da ake gyara muryarsu da nake. Yatsan makaɗi da kunnensa ne ke wannan aiki.

Goge da garaya da gurmi duka fata ce a fuskarsu, jaki kuma a kanta yake zaune. Da damina fatar tana saki, jakin ya nutse, sauti ya sauka. Da hunturu ta ɗaure ya hau. Saboda haka a gefen kowane awo ka rubuta kwanan wata, da lokacin yini, da garin, da sunan waƙar, da ko an shanya kayan a rana ko an gasa shi kusa da garwashi kafin a fara. Ka koma wurin makaɗin a wani yanayin ka sake aunawa, ka ga me ya motsa, me ya tsaya. Kuma a zaman nan guda ka buɗe abin ɗaukar murya na wayar, ka ɗauki tsirkiyoyin a sake da waƙar gaba ɗaya, ka fara da faɗin kwanan wata da bakinka. In ka koma gida ka kwafe awon a littafi na takarda, ka tura sautin zuwa wata waya ko kwamfuta a daren.